Tsohon Ƙyaure a Ɗakin Kiɗa

Akwai wata yarinya da ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. In ta ga takalma a warwatse, sai ta jera su. In ta ga hular Baba a kan kujera, sai ta adana ta, Baba ya yi ta nema har ya makara. Shi ya sa Kaka take kiranta Uwar Gyara. Sunan ya bi ta har makaranta.

Kowace Asabar da safe, Uwar Gyara tana zuwa ɗakin taron unguwarsu koyon kiɗa. Malamar kiɗa ba ta korar kowa. Yara suna zuwa, iyaye suna zuwa, har Kaka tana zuwa da sandarta. Wanda ya iya busa, a ba shi sarewa. Wanda bai iya komai ba, a ba shi gwangwani mai tsakuwa ya girgiza. Akwai wani direba mai rera waƙa da murya kamar ta tsohon inji, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya yi shiru.

Uwar Gyara ce take buga babbar ganga. Ita kowa yake bi.

Abu ɗaya ne yake ɓata mata rai a ɗakin. Wani tsohon ƙyauren ƙofa ne na katako, an kwantar da shi a ƙasa. Fentinsa ya ɓare. Gefensa ya tsage. A kansa Malama take ɗora babbar ganga. A ɗaya ƙarshen kuma Auta take tsayawa, ba takalmi.

Auta 'yar telan bakin titi ce. Kurma ce tun haihuwa. Amma in ta riƙe kacau-kacau tana girgizawa, ba ta kuskure bugu ko ɗaya. Uwar Gyara ta sha mamakin haka, sai dai ba ta taɓa tambaya ba.

Saura mako ɗaya su yi wasa a gaban mutanen unguwa. Ranar gwajin ƙarshe, Uwar Gyara ta riga kowa zuwa. Ta share ɗakin. Ta jera kujeru. Sannan ta kama ƙyauren nan tana ja, tana haki.

Mai gadin ɗakin ya ce, "Ina za ki da shi, 'yata?"

Ta ce, "Bayan ɗaki, Baba. Baƙi za su zo. Ai abin kunya ne su ga wannan."

Ta shimfiɗa wata darduma mai laushi da ta aro wurin Umma. Ta ɗora ganga a kai. Ta ja da baya ta duba, ta ji daɗin aikinta.

Mutane suka taru. Direba ya ce Malama ta bugo waya, za ta ɗan makara, ta ce su fara.

Auta ta shigo da murmushinta. Ta cire takalma kamar kullum. Sai ta tsaya tana dube-dube. Ta zo ta taɓa hannun Uwar Gyara. Ta nuna ƙasa, ta zana wani dogon abu a iska da hannuwanta.

Uwar Gyara ta nuna mata darduma, ta ɗaga babban yatsa, wai wannan ta fi kyau. Auta ta girgiza kai. Ta sake nuna ƙasa. Amma Uwar Gyara ta riga ta ɗaga sandar kiɗa.

Aka fara. Auta ta zuba wa hannun Uwar Gyara ido, tana ƙoƙarin bi. Ta riga bugu. Ta makara. Ta sake riga. Wasu yara biyu suka tuntsire da dariya. Uwar Gyara kuwa ta ɗago kai ta harare ta.

Auta ba ta jin dariya, amma tana ganinta. Ta ajiye kacau-kacau a hankali. Ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita. A bakin ƙofa ta ci karo da Malama, ba ta ko tsaya ba.

Malama ta dubi ƙasa. Ta ce, "Ina ƙyauren?"

Uwar Gyara ta ce, "Na fitar da shi, Malama. Ya tsufa."

Direba ya ba Malama labarin duk abin da ya faru. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta roƙi direba da mai gadi suka dawo da shi. Ta mayar da ganga kansa. Sannan ta ce, "Cire takalmanki ki hau. Rufe idonki. Toshe kunnuwanki sosai."

Uwar Gyara ta yi yadda aka ce. Malama ta fara bugawa. Sai yarinyar ta ji wani abu yana motsi a tafin ƙafarta. Ya hau har gwiwarta. Kowane bugu yana zuwa daidai, ɗaya bayan ɗaya.

Malama ta kama hannunta ta sauko da ita kan darduma. Ta sake bugawa. Wannan karon ƙafarta ba ta ji komai ba.

Malama ta ce, "Katako yana rawa in an buga ganga a kansa. Siminti da darduma ba sa yi. Da ƙafa Auta take jin gangarki."

Idon Uwar Gyara ya cika da hawaye. Ta ce, "Wallahi ban sani ba, Malama."

"Na san ba ki sani ba. Ni ma da laifina, ban taɓa yi muku bayani ba. Amma Auta ta gaya miki, har sau biyu. Kin tsaya kin duba?"

Uwar Gyara ta sunkuyar da kai.

Malama ta juya wurin sauran. Ta ce, "Tare muka koyi waƙar nan. In Auta ba ta dawo ba, ba za mu yi wasan ba."

Yaran da suka yi dariya suka kasa haɗa ido da kowa.

A gida, Uwar Gyara ta kasa cin abinci. Umma ta zauna kusa da ita, ta dafa kafaɗarta.

"Umma, gyara na so in yi."

"Na sani. Amma wa kika gyara wa?"

Uwar Gyara ta ce, "Ban iya maganar hannu ba. Yaya zan ba ta haƙuri?"

Umma ta ce, "Je ki wurin babanta ya koya miki. Kuma in ba ta haƙura yau ba, ki koma gobe."

Ranar Litinin bayan an tashi daga makaranta, ta tafi shagon tela. Auta tana zaune a gefen babban teburin yanka yadi, tana ware maɓallai tana zubawa a gwangwani. Tana ganinta ta juya baya.

Tela ya dakatar da kekensa. Ya ce, "Ta ce ba za ta koma ba. Kuma ni ba zan tilasta mata ba."

"Baba, ka koya mini yadda zan ce ta yi haƙuri."

Ya nuna mata yadda suke yi a gidansu. A dafa ƙirji, a sunkuyar da kai. Uwar Gyara ta zagaya gaban Auta ta yi. Auta ta dube ta, ta ci gaba da ware maɓallanta.

Ranar Talata ta koma. Ta zauna ta taya ta aikin. Ba wadda ta dubi wata.

Ranar Laraba ma ta koma. Auta ta ɗora hannunta ɗaya a kan teburi. Uwar Gyara ta dubi teburin, ta ga na katako ne. Sai ta fara buga shi da tafin hannu a hankali. Kiɗan waƙarsu take bugawa.

Auta ba ta ɗauke hannunta ba. Yatsanta ɗaya ya fara motsi. Can sai ta ɗauki gwangwanin maɓallai ta girgiza. Ya faɗo daidai kan bugu. Ta sake girgizawa, daidai kuma. Ta yi ƙoƙarin ɓoye murmushi, abin ya gagare ta.

Tela ya ce, "To, in kun gama kiɗa da maɓallaina, a bar mini ko goma in yi aiki."

Kafin ta tafi, Uwar Gyara ta ce, "Baba, tambaye ta. Ina so in yi wa ƙyauren fenti. Tana so?"

Tela ya yi wa 'yarsa magana da hannu. Auta ta girgiza kai da sauri, ta nuna ƙafarta.

Ya ce, "Ta ce a'a. Inda fentin ya ɓare, nan ne wurin tsayuwarta. Ƙafarta ta san wurin."

Hannun Uwar Gyara yana ƙaiƙayin gyara, amma ta ce, "To, a bar shi yadda yake."

Ranar wasa ɗakin ya cika maƙil. Tsohon ƙyauren yana gaba, a tsakiya, inda kowa zai gan shi. Yaran nan biyu suka kawo wa Auta kacau-kacau da hannu bibbiyu, suka dafa ƙirji.

Wata baƙuwa ta ce wa Uwar Gyara, "Yarinya, ba za a ɗauke wannan katakon ba kafin a fara?"

Ta ce, "A'a, Inna. Da shi ƙawata take jin kiɗa."

Auta ta cire takalma ta hau. Ta gyara tsayuwa. Ta dubi Uwar Gyara ta gyaɗa kai. Sai a lokacin Uwar Gyara ta ɗaga sanda.

Ganga ta tashi, sarewa ta bi, manya da yara suka ɗauki waƙa. Auta ba ta kuskure bugu ko ɗaya ba. A layin gaba, tela yana share ido da bayan hannu.

A hanyar gida Umma ta ce, "To, me kika koya?"

Uwar Gyara ta ce, "Abin da na ga ba shi da amfani, wani da shi ya dogara. Kafin in gyara wa mutum abu, zan tambaye shi. Kuma in ya ba ni amsa, ko da hannu ne, zan tsaya in saurara."