Jijiyar da ke Ƙarƙashin Hantar Zulaihat

A shekara ta biyu da fara yaƙin basasa, a wani gida da ke Sabo ta Ibadan, aka jawo Safara'u tsakar gida kamar akuyar da ta yi ɓarna. Marainiya ce, a hannun kawunta Babandi, ɗan'uwan mahaifinta, mai fataucin goro ta tashi. Ga 'yar kawun nan, ƙaramar Zulaihat, kwance bisa tabarma, ciki ya kumbura, leɓe ya yi fari fat.

Lauratu, ƙanwar Babandi, ta nuna ta da yatsa. "Yaya, ita ce. Uwarta ma ba mu san asalinta ba, a nono ta sha maita. Hantar yarinyar nan take ci."

Aka sa ta tsallake yarinyar a gaban maƙwabta, aka sa ta kuskure baki aka ɗura wa yarinyar ruwan. Tana kuka tana cewa, "Kawu, ni na goya ta... Ya Allah, Kai ne shaidata!" Ba wanda ya saurare ta. Ciki kuwa sai ƙara tashi yake. Da aka ga ana neman rasa rai, aka ɗauki yarinyar sai babban asibiti, Safara'u na bin mota a guje ba takalmi.

Likitan Bayerabe ne haihuwar Zariya. Ya ce jini ke zuba a ciki, sai an yi aiki, kuma jinin asibiti ya ƙare a kan sojojin da ake kawowa. Lauratu ta ja da baya, wai jiri take ji. Na Babandi bai dace ba. Safara'u ta miƙa hannu, aka ɗiba.

Bayan la'asar likita ya fito. Babandi ya tare shi. "Likita, nawa ta rage a hantar?"

"Alhaji, hanta tana nan cif, ko ƙwarzane babu. Jijiyar da ke kai mata jini ce ta yage."

Safara'u ta ɗago kai, mamaki ya sa ta manta da kukanta. "Ranka ya daɗe, wai ita jijiya ana gyara ta?"

Ya ɗauko wata 'yar roba mai rami ya nuna mata. "Sai a matse nan, a matse nan, jini ya tsaya. A datse inda ya lalace, a haɗa baki da baki, a bi da zaren da bai kai gashin kanki kauri ba. In ɗinki ya yi tsauri hanya ta toshe, in ya yi sako-sako ya yi yoyo. Sannan a saki matsi a zuba ido. In hanta ta yi jawur, an dace."

"Ta yi jawur ɗin?"

"Ta yi." Ya juya ga Babandi, fuska ba wasa. "Amma jijiya ba ta yagewa haka kawai. Wa ya buge ta da abu mai nauyi?"

Washegari Zulaihat ta farka, ita ta ba da amsa da 'yar muryarta. "Gwaggo ce ta jefi Yaya Safara'u da taɓarya, sai ta same ni. Ta ce in na faɗa za ta yanke mini harshe."

Lauratu ta zube ƙasa tana rantse-rantse, amma ba mai kallonta. Babandi ya durƙusa gaban Safara'u, dattijo da gemunsa, hawaye na zuba. "Ki yafe mini, 'yata."

"Na yafe, Kawu. Amma uwata tana kabari, ba ta da bakin kare kanta."

Maganar ta kai gaban dattawan Sabo, suka yanke a mayar da Lauratu Arewa. Kafin a kai ta tashar jirgi, sai da ta bi unguwa ƙofa-ƙofa, tana tsayawa a kowane zaure tana faɗa da ƙarfi cewa Safara'u ba mayya ba ce, uwar da ta haife ta ma ba mayya ba ce.