Metir Shida da Arba'in

Mutum uku ne suka shaida abin da ya faru a tsohon gidan awon gyaɗa na Gazawa, ƙarshen daminar 1992. Biyu daga cikinsu suna Maraɗi a ranar, kuma su suka fi iya ba da labarin dalla-dalla.

Ta ukun ita ce Hafiza, ɗaliba a lakol ɗin koyon gini, mace tilo a aji mai maza talatin da ɗaya. An turo ta sitaj na wata biyu, wato koyon aiki a hannun masu yin sa. Sai da sa hannun maigidan aiki da makin malaminta, Mushe Bakari, za ta wuce ajin ƙarshe. In ta faɗi kuwa, akwai mutane da dama, har da kawunnanta biyu, da suka daɗe da tanadar "ai mun faɗa" suna jiran ranar amfani da ita.

Shekarar gyare-gyare ce. An gama babban taron ƙasa a Yamai, ana shirin zaɓe, duk kangon gwamnati da awaki ke kwana a ciki sai aka tuna ashe buro ne, wato ofis. Gidan awon gyaɗa ɗaki ɗaya ne dogo, ginin ƙasa da rufin kwano, tun zamanin da gyaɗa ke da daraja. Za a mai da shi ma'ajiyar katunan zaɓe. Pilan ya zo daga Maraɗi: daɓen siminti, shafe mai santsi, farin fenti, kantoci na katako daga bango zuwa bango.

Maigidan aikin shi ne Baba Garba magini, dattijo mai ƙarancin magana. Yana riƙe pilan da ladabi, wani lokaci a juye. Shi da kamu da taki yake awo, ita da metir na ƙarfe mai naɗe kansa. Kullum amsarsu ɗaya take fita, abin da ya ɗan riƙa ɓata mata rai. Tsawon ɗakin metir shida da santimetir arba'in. Haka ta rubuta a kaye, littafin aikinta, tun ranar farko.

A bangon gabas, daidai gwiwa, akwai wata kafa da dunƙulen hannu zai shiga. A bangon yamma akwai ƴar'uwarta, saitinta sak. Bakinsu ya yi baƙi, ya yi sumul, irin na wurin da ake yawan gogawa.

"Baba, waɗannan ba su cikin pilan," in ji Hafiza.

"Wanda ya zana pilan bai taɓa kwana Gazawa ba, ɗiyata. Ki shahe ko'ina, ki bar su."

"To ɓeraye fa? Takardu za a ajiye."

"Ɓera bai bin nan."

Ta duba, gaskiya ne, babu kashin ɓera ko ɗaya a ɗakin. Ta ce a ranta ƙila maciji ne, hankalinta ya kwanta.

Dija mai nono, wadda kan sauke ƙwarya a inuwar ginin da hantsi, ita ta ƙara mata bayani ba tare da an tambaye ta ba. "Nan burtali ne tun ba a yi gini ba. Da Nasara ya gina, mu muka kauce da nagge. Amma ba kowa ka kaucewa ba."

"Su wa ke nan?"

Dija ta gyara gammo, ta ce nononta zai yi tsami, ta wuce.

Ranar Lahadi aka aiko Baba Garba cewa ƙanensa ya rasu a Gidan Rumji. Ya bar wa Hafiza aikin na kwana uku. Ranar Alhamis kuma Mushe Bakari zai zo duba sitaj, mutumin da ya taɓa kayar da ɗalibi saboda kusurwa ta kauce da rabin yatsa. Hafiza ta dubi bango mai santsi, ta dubi baƙaƙen kafofi biyu, ta kira Ɗantala lebura ta ce ya kwaɓo siminti.

Ya kwaɓo. Da ya gane inda za a sa, sai ya ajiye cokalin gini a ƙasa.

"Madmazal, yau hannuna ciwo yake."

"Ɗazu ka ɗauki buhu biyu."

"Shi ne ya ja."

Ita ta yi da kanta, ranar Litinin da azahar. Ta cusa tsakuwa, ta danna siminti, ta shafe har ba a gane wurin. Aiki ne mai kyau. Wannan ko maƙiyinta bai musa ba.

Talata ta sake awo don a yanka katakon kantoci. Metir shida da ashirin da biyar. Ta ce Ɗantala bai riƙe bakin metir daidai ba. Ya ce shi dai bango ya ba shi, bango ya riƙe. Laraba da safe, shida da biyu. Katakon da kafinta ya yanka da awon farko ya ƙi shiga. Hafiza ta san shafe na ƙara wa bango kauri, ta kuma san santimetir biyu yake ƙarawa, ba talatin da takwas ba. Kaye mai amsa uku ga ɗaki ɗaya ba abin da za a miƙa wa Mushe Bakari ba ne.

Shi ya sa ranar Laraba, bayan leburori sun tashi, ta ce wa gwaggonta da take zaune gidanta za ta je ta dawo yanzu. Ta ɗauki tocila da kaye da metir. Ta ce wannan karon ba ta son hannun kowa a ciki.

Rana ta yi ja a bayan gonakin hatsi. Hadari na haɗuwa a gabas, iska ta tsaya cik. Ta tura ƙofar, ta ji ta ɗan yi tauri. Damina ce, katako kan kumbura. Ta shiga, ƙofar ta koma da kanta a hankali.

Ɗakin na warin ɗanyen siminti. A ƙarƙashinsa akwai wani wari da ba ta taɓa ji a nan ba: zufa, tsohuwar fata, da numfashin mutane da yawa a wurin da ba taga.

Ta kafa ƙusa a bangon yamma, ta maƙala bakin metir, ta ja da baya tana warwarewa. Metir biyu. Uku. Biyar. Bayanta ya taɓa bangon gabas.

Biyar da goma.

Ta haska tocila ta sake karantawa. Ta rubuta, don an koya mata a rubuta abin da aka gani. Tana cikin rubutun ta ji ƙusar ta faɗi. Ƙara ce ƴar ƙarama, ƙil, sannan ta gangara a daɓe.

Metir bai naɗe ba.

Yana nan a miƙe, a ɗame, kamar yadda yake in mutum ya riƙe ɗaya bakin da kyau. Ya fi yadda Ɗantala ke riƙewa.

Ta ɗaga tocila a hankali ta bi layin ƙarfen da haske. Bakin metir na tsaye a iska, daidai gwiwa, taki guda daga bango. Babu hannu. Amma hasken da ya kai wurin bai wuce ba.

Aka ɗan ja. Sau ɗaya, da ladabi, yadda ake taɓa gefen zanen mutum in ana son magana da shi.

"Ɗiyar mutane."

Muryar daga ƙasa take fitowa, busasshiya, ta gaji.

"Ina hanya?"

Hafiza ta saki metir. Ta ruga ƙofa, ta ja, ta sa ƙafa a bango ta sake ja. Ƙofar ta cije a gurbinta, katakon na kuka kamar ana matse shi daga kowane gefe. A sama kwano ya yi ƙara, ya lotsa. Ƙasa ta zubo mata a ɗankwali.

Ba katako ne ya kumbura ba. Ɗakin ne ke tsukewa.

Ta fara karanta addu'ar da ta iya. A bayanta wani abu na bin gindin bango, kamar ana jan buhu rabin cika. Ya je yamma, ya ƙwanƙwasa daidai gwiwa. Ya dawo gabas, ya ƙwanƙwasa. Ta gane sautin. Tun Talata take jin sa, tana cewa shafe ne ke bushewa.

Ba sai an yi mata darasi ba. Ta lalubo guduma da guntun rodi a kwandon Baba Garba. Bangon gabas ya fi kusa. Ta durƙusa inda ta shafe da hannunta, ta tuna Mushe Bakari, ta tuna gobe Alhamis, sannan ta daka.

Siminti ya tsage. Ta sake dakawa. Ta cusa hannun hagu ta yaye tsakuwar, har yatsunta suka ji iskar waje.

Sai wani abu ya riƙe mata yatsun daga waje. Sanyinsa ya wuce na ruwan randa. Ya ture hannun gefe ɗaya, ya shigo.

Wani ya biyo shi.

Wani kuma.

A nan ta gane kuskurenta. Na ciki ɗaya ne. Na waje kwana uku suka yi suna taruwa.

"Gafara."

"Gafara dai."

"Gafara, mai aiki."

Raɗa ce, ƙasa-ƙasa, ta maza da ta mata da ta tsofaffi, irin ta masu kaya a ka cikin kasuwa. Suna shafar gwiwoyinta suna wucewa. Ta ji gogar igiya, ta ji gefen ƙwarya, ta ji wani abu mai gashi da ya daɗe yana wucewa bai ƙare ba. Tocila ta yi ja, ta mutu.

Suna shigowa. Ba mai fita.

Matsin ya kai mata ƙugu. Ya kai ƙirji.

Ta juya yamma. Taki biyar ne, ko abin da ya rage na biyar. Ta tura ƙafa, kamar mai ratsa gulbi ya kawo. Numfashi ya fara yi mata wuya. Wata murya ta tsohuwa ta zo daidai kunnenta, wadda ba ta da tsawon kai nan sai in a kan wasu ta hau.

"Kwana uku," ta ce. Ba faɗa a ciki. Shi ya fi muni.

Hafiza ta faɗi a gwiwa, goshinta ya bugi bango. Hannun hagu ya ƙi riƙe rodi. Ta yar da shi, ta kama guduma da dama.

Ta daka. Ba nan ba ne.

Ta matsa. Ta daka.

Aikinta ya yi kyau ƙwarai. Ba a gane wurin.

Sai aka kama mata wuyan hannu, aka sauke shi kamu guda ƙasa, aka saki.

Ta daka.

Bangon ya huje. Abin da ya bi ta kanta ya fita, ba ta taɓa samun sunan da za ta ba shi ba. Ta kwanta rub da ciki, ta rufe kai, tana jin ana taka bayanta da ƙafafu marasa nauyi, masu yawa, masu sauri. Kwano ya saki da ƙara. Can ƙarshe, bayan kowa, aka ja wani abu kamar buhu rabin cika, a hankali, ya fita.

Ƙofa ta buɗe da kanta. A waje ladan bai ma gama kiran magariba ba.

Baba Garba ya sauka daga motar Gidan Rumji ranar Alhamis da sassafe. Ya tsaya a ɗakin ya dubi ramuka biyu a sabon shafe, da wasu tabo biyu na guduma a bangon yamma. Ya dubi hannun Hafiza da ke naɗe cikin gyale.

"Wace kika fara buɗewa?"

"Ta gabas."

Ya durƙusa ya shafa bakin kafar yamma.

"Da ta yamma ake farawa, ɗiyata."

"Ba ku faɗa mini ba, Baba."

"Na ce ki bar su."

Ya ɗauki cokali ya gyara bakin kafofin da kansa, ya sa mata hannu a takarda da ajami.

Hannun hagun bai sake ɗumi ba. Daga wuyan hannu zuwa ƙasa sanyi yake ko a tsakiyar bazara, yatsu biyu kuma ba su lanƙwasa. Likita a Maraɗi ya ce siminti ne ya ci jijiya, kuma mutum ne mai ilimi. Hafiza ta zama gwanar gyaran tsofaffin gidaje daga Agiye har Gidan Sori. Ba ta toshe kowace kafa sai ta tambayi tsofaffin unguwa, ba ta kuma shiga ɗaki ita kaɗai bayan la'asar.

Mushe Bakari ya zo a ranar da hantsi, ya ciro nasa metir ya auna. Shida da arba'in, ba ragi ba ƙari. Ya buɗe kaye ya karanta amsoshi huɗu, ta ƙarshe biyar da goma. Ya ba ta goma bisa ashirin, daidai abin da ake wucewa da shi. A ƙasa ya rubuta da jan biro cewa ɗalibar na da ƙwazo, amma nan gaba kada ta riƙa awo ita kaɗai, ta nemi wanda zai riƙe mata bakin metir.