Gorar da Aka Rarake

Da hantsin Litinin Don Nicasio Berríos ya faɗo ofishin 'yan sanda na garin Guayama, rigar garejinsa duk baƙin mai, ya ce a kamo masa yaron da ya kusa kashe masa ɗa.

Sufeto Eligio Santell ya ba shi kujera. Abin ya faru ne ranar Asabar, a wasan besbol na 'yan sakandare. Yadiel, ɗan Nicasio, shi ne mai jifa. Ya jefa ƙwallo, wani Ramfis na ɗaya makarantar ya make ta da gora, sandar bugun ƙwallo, ta dawo ta sami Yadiel a gefen kai. Yana asibiti, har yanzu bai farfaɗo ba.

"Ni ina wurin aiki, yallaɓai, amma duk wanda ya ji ƙarar ya ce an yi wa gorar nan wani abu. A buɗe ta a gani!"

Dokar makarantu ba ta da wuyar ganewa. Gorar ƙarfe sai mai hatimi, don an auna iyakar gudun da ƙwallo za ta yi daga kanta, yadda mai jifa zai sami damar kaucewa. Wanda ya rarake cikinta ya ƙara wa ƙwallo gudu, ya ƙwace wa yaro wannan ɗan ƙiftawar idon. In laifin ya tabbata a kan Ramfis, shi da wasa har abada, ga kuma kotu.

Sufeto ya fara da alƙalin wasan, mutum mai tumbi da yawan rantsuwa.

"Na duba kowace gora, ranka ya daɗe."

"Da sikeli ko da ido?"

"Ai hatimin na nan raɗau."

"Ban tambaye ka hatimi ba."

Alƙalin ya sosa ƙeya. Aka ɗora gorar a sikeli, ta kasa kai nauyin da aka rubuta a jikinta. Murfin bakinta kuwa an taɓa cire shi, an mayar da gam.

Ramfis ɗan shekara goma sha bakwai ne, idanunsa sun kumbura. Ya zo da uwarsa.

"Gorar wa ce?"

"Tawa ce."

"A ina ka saya?"

"A San Juan."

"Wane shago?"

Ramfis ya dubi uwarsa.

"Da wane hannu kake bugu, ɗana?"

"Dama."

Sufeto ya juya mariƙin gorar ya nuna masa. "To robar nan hannun bahago ne ya cinye ta. Bahago nawa ne a filin ranar?"

Yaron ya kifa kai a tebur. Bahago ɗaya ne a filin, Yadiel. A Guayama ba a hana ɗan wasa aron gora, ko da abokin karawa ne, balle waɗanda suka tashi a layi ɗaya. Gorar Ramfis ce ta lotse kafin a fara.

"Yadiel ne ya cillo mini tasa. Ya ce, 'Riƙe, malalaci, ba dai taɓa ƙwallona za ka yi ba.' In aka ji tasa ce, jami'ar da ke nemansa za ta fasa. Ga shi a kwance, kuma in ƙara masa?"

Sufeto ya daɗe yana kallonsa. Shekara ashirin yana jin ƙarya, ba kasafai yake cin karo da wadda take ba shi tausayi ba.

Bayan azahar ya isa garejin Nicasio. A lungu akwai injin gurzar ƙarfe. Ya ajiye gorar a kan benci, murfin a cire.

"Ka ce a buɗe, Don Nicasio. An buɗe. Duba aikin, kai ne masani."

Nicasio ya zura yatsa ciki. Ya dubi mariƙin. Sai ya zauna a kan taya.

"Wannan ai tana cikin jakar Yadiel ta makaranta," ya ce a hankali.

"Ya ba abokinsa aro. Ya san an taɓa ta?"

"Bai sani ba. Da ya sani da ya jefar da ita. Mutanen jami'a za su zo kallonsa sati mai zuwa. Jifansa ba laifi, bugun ne da saura. Kaurin farce kawai na cire, yallaɓai. Na yi tunanin inda ƙwallon za ta je. Ban yi tunanin wanda ke tsaye a gabanta ba."

"Kullum ɗan wani ne a wurin," in ji Sufeto.

Nicasio ya miƙa hannuwansa da kansa, aka sa ankwa. A bakin mota ya tsaya.

"Don Allah mu biya ta gidan su Ramfis tukuna. Jiya na tsaya a ƙofarsu, na kira shi mai kisan kai a gaban uwarsa da maƙwabta."

Sufeto ya buɗe masa ƙofa, ya ce wa direba ya bi ta layin.