Ranar da Aka Kwashe Kujerun Falo

Mama na kishingiɗe a doguwar kujerar falon 'yarta Auta, tana kurɓar shayi, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ma'aikatan kotu ne, babbar mota na jiransu a waje.

"Hajiya, a yi haƙuri a ɗan tashi, kujerar na cikin kayan da za mu ɗauka."

Tana tsaye da kofi a hannu aka cicciɓi kujerar aka yi waje da ita. Maƙwabta sun yi cirko-cirko a bakin get. Mijin Auta, wanda kowa ke kira Manaja, ya jingina da bango kansa a ƙasa, ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ba an rufe kamfanin naka na buga littattafai ba?" in ji Mama. "Bashin kamfani ai na kamfani ne!"

"Haka ne, Mama," ya faɗa da ƙyar. "Amma alƙali ya ce ban raba aljihuna da na kamfani ba. Daga asusunsa nake hidimar gida, shi ya sa masu takarda da tawada ni za su bi."

"To ba da 'yata ba! Auta, haɗa kayanki mu tafi!"

Matar da jiya-jiya take cika baki da "surukina Manaja" ke nan!

Auta ta durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Mama, ki gafarce ni. Firjin da ke ɗakinki, kuɗin makarantar Yaya, asibitin Baba — duk da katin kamfani ya biya. Ni nake kawo masa buƙatar, kunyarku ta hana shi cewa babu. Tare muka ci. Yau in tafi in bar shi ya biya shi kaɗai?"

Mama ta ajiye kofin a ƙasa, tun da teburin ma ya tafi, ta ja mayafi ta fita ba sallama.

Washegari sai ga 'yar ƙaramar mota a ƙofar gida, firjin a baya ɗaure da igiya. Mama ta sauko tana kallon gefe.

"A sayar, a rage bashin."

Manaja ya fashe da kuka.

Daga mai kamfani ya koma ma'aikaci a maɗaba'ar wani, Auta ta kama ɗinki. Sun sha zunɗe, sun daɗe a kan tabarma, amma sai da suka sallami kowa. Yau suna da ɗan shagonsu, asusun shago daban, na gida daban, falon ma ya yi kujeru.

Haƙuri ya yi rana. Mai sana'a dai ya raba kuɗin sana'a da na gida, kada kunyar dangi ta sa shi kyauta da haƙƙin mutane. Ita kuwa Mama, ko sabulu surukinta ya miƙo mata, sai ta tambaya, "Daga wane aljihu?"