Wayar Tela

Ana tsakiyar kullen annoba wani tela ya kai ƙara caji ofis, wai an sace masa waya. Sufeto, wanda shekara da shekaru babu wanda ya tuna da shi a ƙarin girma, ya gyara takunkumin fuskarsa ya bi shi gida.

Telan ya rame, idanunsa sun yi ja. Tun a hanya yake zuba: a waya an ce cutar a iska take, an ce a ruwa, an ce wanda ya kamu ko gawarsa ba a ba dangi. Sufeto shi ma jiya ya sha tafarnuwa bisa umarnin wani saƙo.

Ba a ɓalle ƙofa ba. Kuma ɓarawon ya haɗa da caja, abin da Sufeto bai taɓa ganin mai sauri ya tsaya nema ba.

Ƙanin telan ya rantse bai kwana a gidan ba, sai aka ga takalminsa a bakin ɗakin yayan. Matar telan ta ce ita barci take, ba ta ji komai ba.

A tsakar gida Sufeto ya ga wanki shimfiɗe a kan katanga, ƙusoshin shanya babu igiya. Ya buɗe aljihun keken ɗinki, babu almakashi ko ɗaya.

Ya keɓe matar.

"Baiwar Allah, wane ɓarawo ne ke barin keke ya ɗauki igiyar shanya?"

Ta rage murya.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Ba ya ci, ba ya barci, sai saƙo bayan saƙo. Shekaranjiya ya yi tari, ya tara yara ya nemi gafararsu, ya ce gara ya tafi da kansa kafin ya shafa musu. Ƙaninsa gadinsa yake yi."

Ta ciro wayar daga ƙasan kwandon wanki. Telan ya miƙo hannu, Sufeto ya riga shi, ya ce wayar ta zama shaida, kuma shari'a tana daɗewa.

Aka sa matar a motar 'yan sanda, kamar an kama ta. Telan ya ce ba inda za a kai uwar 'ya'yansa ba tare da shi ba, ya shiga ya zauna kusa da ita, ƙanin ya biyo.

Sufeto ya rufe ƙofa, ya sunkuya wajen direba.

"Asibiti. Ɓangaren masu damuwa. Kuma kashe rediyon nan."