Ƙofar da Aka Goge a Taswira

Ranar da abin ya fara, Mai Taswira ya dawo gida da wuri, abin da bai cika yi ba. Ya rataye jakar takardunsa a ƙusar bayan ƙofa, ya cire takalmi, ya zauna a tsakar gida yana murza yatsun ƙafa. Matarsa tana kwashe shanya. Auta, 'yarsu mai shekara goma sha biyar, wadda ita kaɗai ta rage a gabansu tun da yayyenta suka kama gabansu, tana durƙushe bakin famfo tana wanke kwanuka tana 'yar waƙa a hanci. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, unguwa kuma ta fara yin shirun nan na gabanin magariba.

Sai ƙwas! Wani abu ya sauka a kan kwanon rufi, ya gangaro ya faɗo kusa da ƙafarsa. Kafin ya sunkuya, na biyu ya sauka, na uku ya biyo baya. Ya ɗauki ɗaya ya juya a tafin hannu. Farar tsakuwa ce, mai sanyi kamar an tsamo ta daga randa. Ya san ta. Shi da kansa ya zaɓe ta aka shimfiɗa a hanyoyin sabon lambun shaƙatawa na gari, kuma lambun nan tafiyar rabin sa'a ce daga gidansa.

"'Ya'yan wane ne marasa kunya?" in ji matarsa.

Ya tashi zai leƙa waje. Ƙofar gida ta ƙi buɗuwa. Ba sakata, ba kwaɗo, amma ya ja har jijiyar wuyansa ta miƙe, ko motsi ba ta yi ba. Da ya waiwayo, sai ya ga Auta ta bar famfo yana zuba. Ta je ta manna tafukan hannunta a katanga, tana bin ta a hankali tana lalube, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Ƙofar ba ta saki ba sai da aka kira isha'i. A lokacin ne Auta ta zube, ta farka tana tambayar wa ya bar ruwa yana zuba.

To, ga yadda aikin mutumin yake. Ofishin gari yana da kwamitocin ba da shawara guda biyu a kan lambun: kwamitin lambu, wanda wani tsohon Hedimasta yake shugabanta, da kwamitin hanyoyi, wanda yake hannun Injiniya. Ƙa'ida ita ce ofis ba ya taɓa ko ƙusa ɗaya sai shugabannin nan biyu sun sa hannu a takarda ɗaya. Su kuwa ba sa ga-maciji. Shekara guda ke nan ba su zauna a ɗaki ɗaya ba, tun ranar da aka yi musu a kan wanda zai zauna a kujerar tsakiya. Mai Taswira shi ne mai zane, shi ne kuma ɗan aike. Litinin yana wajen waɗannan, Alhamis yana wajen waɗancan, kowa ya ɗora masa baƙar magana ya kai wa ɗan'uwansa, shi kuma ya wanke ta a hanya kafin ya isar. Mutum ne mai sanyin hali, irin wanda za a taka wa ƙafa ya ce a yi haƙuri.

Sun daidaita a kan itatuwa, da kujeru, da wurin wasan yara, duk ta bakinsa. Abin da ya gagara shi ne wata 'yar ƙofa. A bayan lambun akwai tsohuwar turba da ta taso daga gindin wata kuka ta gangara zuwa rafi, kuma shingen ƙarfe zai ratsa ta. Hedimasta ya ce ƙofa a kan hanya take buɗewa, don haka aikin 'yan hanyoyi ne. Injiniya ya ce ƙofa a jikin shinge take, don haka ta 'yan lambu ce. Wata uku takarda tana kai-komo. Ranar da Mai Taswira ya gaji, sai ya ɗauki magogi ya share ƙofar daga zanen, ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe. Ya kai wa kowannensu, kowa ya sa hannu bai duba ba. Ɗan kwangila ya kafa shinge yadda ya gani a takarda, aka liƙe ƙarfen ƙarshe da yammacin wata Laraba, Mai Taswira yana tsaye da taswira a hannu. A ranar ce tsakuwar nan ta fara sauka a gidansa.

Washegari da magariba abin ya dawo, haka jibi, haka gata. Tsakuwa ta zuba, ƙofa ta kafe, tagogi su ƙi buɗuwa, Auta ta tashi ta kama bin katanga. Tun tana yi da magariba kaɗai, har ta kai ba ta dawowa cikin hayyacinta sosai ko da rana. Ta daina zuwa makaranta. Ta daina ci, sai an ɗura mata ruwa da cokali. Fatar tafin hannunta ta saɓule, ta bar jan zane a jikin bango daidai tsayin kafaɗarta, zagaye da tsakar gidan. Sun gwada kai ta gidan kawunta da rana. Tana isa bakin ƙofa sai ta sandare, maza uku suka kasa ɗaga ta. Likita ya zo ya duba ya rubuta magani, ya fita yana waiwaye.

Gidan ya zame musu kurkuku. Maƙwabta suka janye 'ya'yansu. Da la'asar ta yi, matarsa takan zauna ta zuba wa inuwar katanga ido, tana kallon yadda take tsawo, tana hawaye ba sauti. Shi kuwa tsoro biyu ke cinsa: tsoron rasa 'yarsa, da tsoron abin da tsakuwar nan take nufi. Bai gaya wa kowa ya gane ta ba.

A rana ta goma sha takwas kawun Auta ya kawo Malam, wani dattijo siriri mai magana ƙasa-ƙasa. Ya shigo bayan la'asar, ya nemi ruwa ya yi alwala, ya zauna a tabarma ya jira. Da rana ta faɗi, ƙofa ta kafe, Auta ta miƙe, sai ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi. Can sai yarinyar ta tsaya cak, ta juyo, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa irin zaman manyan mata. Muryar da ta fito daga bakinta ta mace ce babba, a dishe, irin ta wanda ya kwana biyu yana kuka.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ubanta za ka tambaya." Idon Auta ya juya kan Mai Taswira. "A gindin kukar nan muke tun kakanninku ba su zo ba. Kullum da yamma nakan gangara rafi in ɗebo ruwa. Ranar Laraba na fita, na bar 'yata tana barci. Na dawo na tarar da ƙarfe. Mu ba ma ƙetare ƙarfe, kuma turbarmu ɗaya ce, ba mu da wata. Tana ciki, ina waje. Na ga wannan tsaye da takarda, na biyo shi. Ya tsare tawa, na tsare tasa."

Matarsa ta dube shi. Kallon nan ya fi masa duka ciwo. Ya rarrafa gaban 'yarsa. "Na yi alkawari, baiwar Allah. Gobe zan sa a buɗe."

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Kai? Kwana goma sha takwas ina gidanka, na san ka. Kai ɗan aike ne. In ka kai magana, sai ta shekara a hanya. Kawo mini masu hannu, su biyun, su faɗa a gabana."

Da safe ya je wajen Hedimasta, ya ce 'yarsa ba ta da lafiya, yana roƙon ya zo dubiya bayan la'asar. Ya je wajen Injiniya ya faɗi haka. Bai gaya wa ɗaya cewa ɗayan zai zo ba. Sannan ya zana ƙofar a sabuwar takarda, ya nemi mai walda ya roƙe shi ya je bayan lambu da kayan aikinsa ya tsaya, ya riƙe waya a hannu.

Injiniya ne ya fara zuwa. Hedimasta yana shigowa ya gan shi, sai ya ja tunga yana gyara tabarau. "Au, ashe da baƙo. Bari in dawo wani lokaci."

"Zauna, Alhaji," in ji Malam, wanda tuni yake zaune a tabarmarsa. Akwai benci ɗaya tak a tsakar gidan. Suka zauna, kowa a ƙarshensa, kowa ya ba ɗan'uwansa ƙeya.

Mai Taswira ya shimfiɗa takarda a tsakaninsu ya yi bayani. Wallahi ko gama ji ba su yi ba suka koma gidan jiya. Injiniya ya ce in dai ƙofa ce, 'yan lambu su rubuto a hukumance. Hedimasta ya ce shi ba ya sa hannu a ƙarƙashin sunan kowa. Suna cikin haka inuwa ta cinye tsakar gida. Tsakuwa ta fara sauka, yau ba ɗai-ɗai ba, kamar ana zazzage buhu. Hedimasta ya zabura ya nufi ƙofa, Injiniya na biye da shi. Suka kama mariƙin tare suka ja, karo na farko a shekara da suka haɗa hannu a kan abu ɗaya, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba.

Auta ta fito daga ɗaki tana bin bango, hannuwanta naɗe da tsumma, jini ya ɓullo ta ciki. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo.

Nan ne mutumin da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba ya fashe. "Ku dube ta! Ku dube ta, na ce! Ni na goge ƙofar nan. Ni, da hannuna, don na gaji da jigilar girman kanku. Kuka sa hannu ba ku duba ba. Gobe ku kai ni ofis, ku kore ni, na yarda, laifina ne. Amma yau babu mai fita gidan nan sai ya sa hannu, ko da ƙofar ta buɗe!"

Malam ya fara karatu, Auta ta zauna, muryar ta dawo.

"Su ne? To, ku tuge shingen duka."

"Ba za a yi haka ba," in ji Malam. "Yaran mutane za su yi wasa a ciki, ga mota a titi. Kin san zafin ɗa. Nemi abin da zai yiwu."

"Ƙofa. Faɗin da mace za ta wuce da tulu a kai da yarinya a gefe. Kada a sa ƙarfe a dokin ƙofar na ƙasa."

"Ke kuma ki fita, ba ke ba gidan nan, ba ke ba zuriyarsa."

"Na yarda, in na ji ƙarfen ya faɗi."

Hedimasta, hali ba ya ɓuya, ya ce da 'yar murya, "To... mabuɗin, a hannun wane kwamiti zai zauna?"

"Ba mabuɗi!" Muryar ta girgiza kwanukan da ke bakin famfo.

Injiniya ya zaro biro ya miƙa wa Hedimasta. "Fara, Yaya." Hedimasta ya sa hannu, ya riƙe masa takardar a kan gwiwarsa shi ma ya sa. Mai Taswira ya buga waya ya ce kalma ɗaya, "Yanka." Ya ɗaga wayar sama. Ƙarar injin yankan ƙarfe ta cika tsakar gidan, tsawon lokacin da ya zame masa kamar shekara. Sandar farko ta faɗi, ta biyu, ta uku. A ta huɗu Auta ta miƙe tsaye zumbur, fuskarta ta juya wajen da lambun yake.

"Na tafi," in ji muryar, da sauri, kamar mai tsoron a sake rufewa.

Yarinyar ta yi atishawa sau uku ta sulale, uwarta ta tare ta. Ƙofar gida ta buɗe da kanta a hankali, iskar titi ta shigo, ga shi ko isha'i ba a kira ba. Babu wanda ya motsa zai fita.

Mai Taswira ya durƙusa ya ɗauki hannunta mai tsumma, yana tsoron muryar da zai ji. Auta ta buɗe ido ta daɗe tana kallonsa. Da ta yi magana, muryarta ce, 'yar siririya, a gajiye.

"Baba, tun ranar nan nake jin wata yarinya tana kuka tana kiran uwarta. Ina ta neman ƙofa in je wurinta, na rasa." Ta kasa kunne, sannan ta sauke ajiyar zuciya. "Ta yi shiru yanzu."

Ya kifa fuskarsa a tafin hannunta, ya yi kukan da ya kwana goma sha tara yana haɗiyewa.