Haƙarƙari Biyu

Kwamitin bincike ya wanke ma'aikaciyar agajin gaggawar da aka zarga da kashe surukarta, ya kuma kori shugaban sashen motocin asibiti, wanda yayan mijinta ne. An karanta hukuncin ranar Talata a ɗakin taron asibitin unguwa, wata bakwai bayan rasuwar.

Ranar da abin ya faru tana hutu a gida. Da hantsi tsohuwar ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. Ma'aikaciyar ta taɓa wuyanta, babu bugu. Ta kira sashen ta ce, "Yaya, Inna ce, a turo mota." Ya ce, "Tana hanya." Ta durƙusa, ta ɗora hannu kan hannu a ƙirjin tsohuwar tana dannawa kamar yadda aka koya mata. Minti arba'in ta yi a haka. Sau uku aka sake kira, sau uku aka ce tana hanya. Motar ba ta zo ba.

Likitan da ya duba gawar ya ce haƙarƙari biyu sun karye. Wannan dangi suka riƙe.

"Da idona na ga ta haye kan Inna," in ji ƙanwar mijin. "Wai agaji. Ko katifa ba a yi mata haka."

Yayan mijin ya dubi ma'aikaciyar, ya girgiza kai. "Ƙanwata, da kin yi haƙuri kin jira mota..."

Mijin bai dube ta ba. "Ki je gida tukuna."

Aka dakatar da ita daga aiki. A layinsu aka laƙaba mata Mai Danna, mata suna janye 'ya'yansu idan ta gifta. Mahaifiyarta ta ce wata bakwai ɗin nan ba ta ji ta zagi kowa ba. Sai dai takan zauna tana kallon tafin hannunta, hawaye na zuba, tana cewa, "Allah, kai ka san abin da na yi nufi."

Direban motar ne ya fasa ƙwan a gaban kwamiti. "Ranka ya daɗe, ai Oga bai yi ƙarya ba, tana hanya. Hanyar gonarsa. Mun sauke gadon marasa lafiya mun loda buhunan taki."

Likitan ya shaida cewa karyewar haƙarƙari abu ne da kan faru idan an danna yadda ya kamata, musamman ga tsoho. Ya ƙara da cewa da an faɗa mata gaskiya, da motar maƙwabci ta kai tsohuwar asibiti cikin minti goma.

Yayan ya fashe da kuka. Babu wanda ya matsa kusa da shi.

Ma'aikaciyar ta koma aiki ranar Laraba. Mijin ya aika kawunsa sau biyu yana roƙon ta dawo ɗakinta. Har yanzu ba ta ba da amsa ba.